Me ya sa ranar Pak ke yawo, ta Nowel kuma tana wuri ɗaya? Tarihin rabuwar idodin Yahudawa da na Kiristoci

A cikin ranakun hutun da gwamnatin Nijar ta amince da su akwai biyu na Kiristoci, wato Nowel da Litinin ɗin Pak. Nowel ba ta ba kowa wahala, 25 ga Disamba ce bana, ita ce baɗi. Pak kuwa sai an duba kalanda. A shekarar 2024 Litinin ɗinta ta faɗo ranar 1 ga Afrilu, a 2025 kuma sai ranar 21 ga Afrilu, tazarar kwana ashirin ke nan. Ɗan lakwal mai kaifin hankali yakan tambayi mushensa ko uwayensa dalili, kuma sau da yawa amsar da yake samu ita ce "haka Nasara suka tsara abinsu". Wannan amsa ba ta isa ba, domin ruwa ba ya tsami banza.

Kalandar bukukuwan Kiristoci gida ne da aka gina da tubali iri biyu. Kashi ɗaya an gaje shi daga idodin Bani Isra'ila, masu bin wata, shi ya sa yake motsi. Ɗaya kashin an aza shi bisa kalandar Rumawa, mai bin rana, shi ya sa yake tsaye. Akwai kuma idodin da aka bari a baya gaba ɗaya. Yadda aka yi haka tarihi ne na ɗaruruwan shekaru, da gardama da ɓacin rai a cikinsa, kuma ya shafi har kalandar da ke rataye a bangon ajinmu.

Idodin da ke cikin Attaura

Babi na 23 na Littafin Firistoci, ɗaya daga cikin littattafai biyar na farkon Baibul, shi ya jero ranakun da aka umurci Bani Isra'ila su kiyaye. Ya fara da Asabar, ranar hutun kowane mako. Daga nan ya kawo idodin shekara, waɗanda suka kasu gida biyu bisa yanayin noman ƙasar Falasɗinu.

Na farko suna zuwa ne a lokacin da ya yi daidai da bazararmu, lokacin da su can hatsi ke nuna. Ranar 14 ga watan Nisan da yamma ake yanka ragon Idin Ƙetarewa, wanda a Ibrananci ake kira Fesah, don tunawa da daren da Annabi Musa (AS) ya fita da mutanensa daga Masar. Washegari a shiga kwana bakwai na cin gurasa marar yisti. A cikin wannan mako ake kai damin sha'ir na farko, wato nunan fari, kuma ba a taɓa sabon hatsi sai an kai shi. Daga nan a ƙirga mako bakwai, a rana ta hamsin a yi Idin Makonni, lokacin girbin alkama.

Na biyu suna cikin wata na bakwai, Tishri, wajen Satumba zuwa Oktoba. Ranar 1 ga wata ranar busa ƙaho ce. Ranar 10 ita ce Ranar Kafara, Yom Kifur, ranar azumi da neman gafara, kuma ita kaɗai ce ranar da babban firist ke shiga can ƙuryar ɗakin ibada a duk shekara. Ranar 15 a fara Idin Bukkoki, inda iyali ke barin ɗaka su kwana bakwai cikin bukkar rassan itace, su tuna da zaman kakanninsu a hamada, su kuma gode wa Allah bisa amfanin gona da aka tattara. Manomin da ya taɓa kwana a bukka yana gadin hatsinsa da kaka ba zai sha wuyar gane wannan idi ba.

Uku daga cikinsu, Ƙetarewa da Makonni da Bukkoki, idodin ziyara ne, maza sukan tafi Ƙudus. Daga baya tarihi ya ƙaro wasu biyu. Furim yana da nasaba da labarin Esta a daular Farisa, Hanuka kuma ana yinsa don tunawa da tsarkake Haikali a shekara ta 164 kafin miladiyya.

Wata da rana

Shekarar wata kwana 354 ce, ta rana 365, bambancin kwana goma sha ɗaya. Mun san abin da wannan ke haifarwa, domin kalandar Hijira ba ta cike giɓin, shi ya sa azumin Ramadan yake zagaya mu, wani zubin cikin ɗari, wani zubin cikin zafin bazara, wani zubin cikin damina. Bani Isra'ila ba su iya barin nasu ya zagaya haka ba, tunda ba a kai damin sha'ir a lokacin da sha'ir bai nuna ba. Sai suka riƙa ƙara wata na goma sha uku idan suka ga shekara ta yi gaggawa.

A zamanin da, ganin ido ake bi. Shaidu su zo gaban kotun malamai su ce sun ga jinjirin wata, a yi musu tambayoyi, sannan a sanar. Littafin Mishna, wanda aka tattara wajen shekara ta 200, ya bayyana yadda ake kunna wuta bisa kan duwatsu, daga Dutsen Zaitun har labari ya kai ga Yahudawan Babila, da yadda daga baya aka koma aika manzanni. Garuruwan da manzo ba ya isa da wuri sukan yi idi kwana biyu don gudun kuskure, al'adar da Yahudawa da yawa mazauna waje ke riƙe da ita har yau. Sannu a hankali lissafi ya maye gurbin gani. Tsarin da suka tsaya a kai yana ƙara wata bakwai cikin kowace shekara 19, saboda shekarun rana 19 sun yi kusan daidai da watanni 235. Malamin lissafi na iya ba ƴan aji wannan su gwada, 19 sau 12 ya ba da 228, a ƙara 7.

Mabiyan farko

Annabi Isa (AS), wanda Kiristoci ke kira Yesu Almasihu, cikin waɗannan idodi ya tashi. Linjilar Luka ta ce iyalinsa sukan je Ƙudus kowace shekara don Idin Ƙetarewa, ta Yohanna kuma ta nuna shi a Haikali lokacin Idin Bukkoki da lokacin Hanuka. Almajiransa duka Yahudawa ne. A aƙidar Kiristoci, gicciyewa da tashinsa sun faru ne a makon Idin Ƙetarewa, saukowar Ruhu Mai Tsarki kuma a ranar Idin Makonni, wanda masu jin Girkanci ke kira Fentikos, ma'ana na hamsin. Saboda haka manyan ranaku biyu na sabon addinin a cikin tsofaffin idodi aka haife su. Sunan ma bai sauya ba. Fesah ya zama Faska a Girkanci da Latin, daga nan Faransanci ya samo Pak. Sunan Ista da ake ji a Najeriya daga Ingilishi ya fito, asalinsa daban ne.

Abin da ya fara kawo sauyi shi ne shigowar waɗanda ba Yahudawa ba. Wajen shekara ta 49 ko 50 shugabannin mabiya suka zauna a Ƙudus, suka yanke cewa ba a ɗora wa waɗannan baƙi kaciya da dukan dokokin Attaura ba. Wasiƙun Bulus sun tafi a kan haka, har wadda aka aika wa mutanen Kolosi ta gargaɗe su kada su bari wani ya hukunta su kan idi ko tsayuwar wata ko Asabar. Amma shi Bulus ɗin, kamar yadda littafin Ayyukan Manzanni ya nuna, ya taɓa gaggauta tafiyarsa don ya riski Fentikos a Ƙudus. A wancan zamani abu biyun suna tafiya tare.

Yaƙi ne ya faɗaɗa ɓarakar. A shekara ta 70 sojojin Rum ƙarƙashin Titus suka rushe Haikali. Bayan tawayen Bar Kokba, daga 132 zuwa 135, sarki Hadiriyan ya hana Yahudawa shiga Ƙudus, aka sauya wa birnin suna, shugabancin cocin garin ya koma hannun waɗanda ba Yahudawa ba. Kusantar Yahudawa ta zama abin gudu a daular. Alamun nisantar sun bayyana tun kafin nan. Wani ɗan littafin koyarwa na farkon zamanin coci, mai suna Didake, ya umurci mabiya su yi azumin Laraba da Juma'a maimakon Litinin da Alhamis da aka san masu ibada cikin Yahudawa da su. Wajen shekara ta 150 Justin, wani malamin Kirista a Rum, ya rubuta cewa ranar Lahadi suke taruwa.

Rigimar ranar goma sha huɗu

Cocin yankin Asiya Ƙarama, yammacin Turkiyya ta yau, suna yin Faska ranar 14 ga Nisan, ko wace rana ta mako ta faɗo, tare da lokacin Yahudawa. Sun ce haka suka gada daga Yohanna almajirin Yesu. Rum da wasu wurare kuwa sai ranar Lahadi, tunda a wurinsu ita ce ranar tashi. Wajen shekara ta 155 dattijo Folikaf, bishop na Samirna, wato Izmir ta yau, ya je Rum ya tattauna da bishop Anisetus. Babu wanda ya shawo kan wani, amma sun rabu lafiya, har Anisetus ya ba baƙon nasa jagorancin ibada don girmamawa.

Bayan kimanin shekara arba'in al'amarin ya yi tsami. Bishop Bikto na Rum, mutumin Afirka ta Arewa, ya nemi kowa ya koma Lahadi. Folikiratis na Afisa ya amsa masa da wasiƙa, ya jero magabatan da aka binne a ƙasarsu waɗanda duk suka kiyaye ranar 14, ya ce barazana ba ta tsorata shi. Bikto ya tashi yanke zumunci da cocin Asiya baki ɗaya. Sai Ireniyus, bishop na Liyon a Faransa ta yau, ya rubuta masa yana tuna masa yadda Folikaf da Anisetus suka yi. Masanin tarihin coci Yusibiyus ne ya adana mana waɗannan wasiƙu.

Mai karatu da ya taɓa ganin gari ɗaya ya yi sallah kwana biyu daban-daban ya san zafin irin wannan saɓani. Wasu na cikin azumi, maƙwabtansu na cin abincin idi. A ƙarƙashin gardamar kwanan wata kuma akwai wata tambaya da ta fi ta nauyi, wa ke da ikon sanar da ranar?

Taron Nikiya

Zuwa farkon ƙarni na huɗu yawancin coci sun koma Lahadi, amma da sauran rina a kaba. A Siriya da kewayenta ana jira ne Yahudawan gari su tsayar da makon idinsu, sannan a ɗauki Lahadin da ta dace da shi. A Iskandariya ta Masar kuwa, inda ilimin taurari ya yi ƙarfi, Kiristoci na yin nasu lissafin, suna kuma cewa ba a yin Faska kafin ranar da dare da yini ke daidaita tsawo a watan Maris. Sakamakon haka a wasu shekaru sai a sami tazarar wata guda tsakanin wannan gari da wancan.

Sarki Kustantin, wanda a shekara ta 321 ya riga ya mai da Lahadi ranar hutu a biranen daularsa, ya tara ɗaruruwan bishop a Nikiya, Iznik ta yau a Turkiyya, a shekara ta 325. Babban abin da ya tara su gardamar aƙida ce, amma sun taɓo batun Faska, suka amince kowa ya yi ta rana ɗaya, a kuma daina dogara da lissafin Yahudawa. Wasiƙar da sarkin ya aika wa coci-coci bayan taron cike take da kalaman ƙiyayya ga Yahudawa, tana nuna abin kunya ne Kirista ya je yana tambayar su ranar idinsa.

Akwai kuskuren da ya yaɗu a littattafai, cewa taron Nikiya ne ya rubuta ƙa'idar da ake bi yau. Dokoki 20 da taron ya bari babu wannan ƙa'ida a ciki. Tsarin Iskandariya ne ya yi rinjaye a hankali, wato Lahadin farko bayan cikar wata da ta zo a ranar 21 ga Maris ko bayanta. Shi ya sa Pak ba ta zuwa kafin 22 ga Maris, ba ta kuma wuce 25 ga Afrilu. Bishop na Iskandariya yakan aika wasiƙa kowace shekara yana sanar da ranar. Rum ta daɗe da nata lissafin, sai bayan da wani malami mai suna Diyonisiyus ya tsara jadawali bisa na Iskandariya a shekara ta 525 aka fara haɗuwa, kuma a cikin wannan aiki ne ya ƙirƙiro ƙirgen shekaru daga haihuwar Annabi Isa, wanda muke kira miladiyya. A Ingila sai a taron Witbi na 664 aka sasanta. Abin lura, zagayen shekara 19 da Kiristoci suka yi amfani da shi don su rabu da lissafin Yahudawa, shi ne dai zagayen da kalandar Yahudawa ta zauna a kai.

Talakawa ba su rabu da sauri kamar shugabanni ba. Taron Lawudikiya, a cikin ƙarni na huɗu, sai da ya kafa doka a kan Kiristocin da ke hutun Asabar da masu karɓar gurasa marar yisti daga hannun Yahudawa. A shekarun 386 da 387 Yohanna Kirisostom ya yi jerin wa'azi masu zafi a Antakiya, saboda mutanen cocinsa na zuwa kallon busa ƙaho, suna azumi tare da Yahudawa, suna shiga bukkokinsu. Ba a kafa doka a kan abin da babu mai yi. Waɗannan hane-hane shaida ne cewa shekara ɗari uku bayan almajirai, maƙwabta na cuɗanya a ranakun idi.

Daga ina Nowel ta fito?

Babu inda Linjila ta faɗi ranar haihuwar Annabi Isa, kuma Kiristocin ƙarni biyu na farko ba su bar shaidar suna bikinta ba. Wajen shekara ta 200 Kilemen na Iskandariya ya ambaci ranakun da mutane ke hasashe, har da wasu a Afrilu da Mayu. Orijen, wani babban malaminsu, ya lura cewa a cikin Baibul Fir'auna da Hirudus ne aka gani suna bikin ranar haihuwa. Shaida mafi tsufa ta bikin 25 ga Disamba tana cikin wani kundin kalanda na birnin Rum na shekara ta 354, a wani jeri da masana ke mayarwa zuwa 336. A gabas ranar 6 ga Janairu aka fi sani, kuma cocin Armeniya na nan a kanta har yanzu.

Masana tarihi sun kasu biyu kan dalilin zaɓen ranar. Wasu sun ce an aza ta ne bisa bikin Rumawa na rana, domin wancan kundin na 354 ya nuna 25 ga Disamba a matsayin bikin abin bautarsu na rana, lokacin da yini ke fara ƙara tsawo. Wasu kuma sun ce lissafi ne. Akwai tsohon ra'ayi cewa an ɗauki cikin Yesu a ranar da ta yi daidai da ranar mutuwarsa, wadda a yamma aka ƙiyasta 25 ga Maris, idan an ƙara wata tara sai a faɗa 25 ga Disamba. In wannan ra'ayi na biyu ne daidai, to ita ma Nowel daga Idin Ƙetarewa aka ƙirgo ta. Ko wanne ne, an rubuta ta da kwanan watan Rumawa, shi ya sa ba ta motsi.

Haka kalandar ta ginu. Azumin kwana arba'in kafin Pak, da ranar hawa sama kwana arba'in bayanta, da Fentikos a rana ta hamsin, duk suna tafiya inda Pak ta tafi. Nowel, da 6 ga Janairu, da 15 ga Agusta ta Maryamu, da 1 ga Nuwamba ta waliyyai, suna tsaye. Faransa na hutu a shida daga cikin irin waɗannan ranaku, Nijar ta riƙe biyu, ɗaya daga kowane ɓangare.

Abin da aka bari, da abin da ya sauya

Idodin wata na bakwai ba su sami gurbi a kalandar coci ba. Malaman Kirista sun bayyana cewa Ranar Kafara ta cika a cikin hadayar Almasihu, kamar yadda Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ta yi dogon bayani, don haka babu buƙatar maimaita ta. Busa ƙaho da Bukkoki kuwa ba a danganta su da wani babban abin da ya faru a rayuwar Yesu kamar yadda aka yi wa Ƙetarewa da Makonni ba, sai suka zauna a hannun Yahudawa.

Su ma Yahudawan ba su ci gaba da yin idodin kamar yadda suke a rubuce ba, domin babu Haikali babu hadaya. Idin Ƙetarewa ya koma liyafar gida, inda ƙaramin yaro ke yin tambayoyi, babba na ba da labarin fita daga Masar, ba tare da ragon hadaya ba. Idin Makonni ya zama ranar tunawa da saukar Attaura. Ranar busa ƙaho ta zama sabuwar shekara. Yom Kifur ya zama yinin azumi da addu'a a majami'a. Samariyawa, ƴar ƙaramar al'umma da ke kusa da Nablus, su ne har yau ke yanka ragunan Ƙetarewa a kan Dutsen Gerizim.

Musulmi ma na da mahaɗa da wannan tarihi. Hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim ya nuna Annabi (SAW) ya tarar da Yahudawan Madina na azumin Ashura don tunawa da kuɓutar Annabi Musa daga Fir'auna, ya azumce ta, daga baya kuma ya yi niyyar haɗawa da ranar tara. Masana tarihi da dama na danganta wannan rana ta goma da azumin 10 ga Tishri.

Rabuwar ba ta tsaya a takarda ba. A Turai ta tsakiyar zamani makon Pak ya zama lokacin fargaba ga Yahudawa, saboda wa'azin da ke ɗora musu laifin kisan Almasihu yakan tunzura jama'a. Babban taron coci na Lateran a 1215 ya hana su fitowa fili a kwanakin ƙarshe na makon. Sai a 1965 cocin Katolika ta fitar da sanarwa a hukumance cewa ba a ɗora wannan laifi a kan Yahudawa baki ɗaya, na da ko na yanzu.

Kwana goma da suka ɓace

Kalandar Yuliyus Kaisar ta ɗauki shekara a matsayin kwana 365 da rubu'i, alhali ta gaza haka da kimanin minti 11. Wannan ƴar tazara na zama kwana guda cikin shekara 128. Zuwa ƙarni na 16, daidaituwar dare da yini ta zame daga 21 ga Maris zuwa wajen 11, lissafin Pak ya karkace. Fafaroma Giregori na 13 ya yi gyara a 1582. Mutane suka kwanta ranar Alhamis 4 ga Oktoba, suka tashi Juma'a 15 ga Oktoba. Aka kuma tsara cewa shekarun cikar ƙarni ba sa samun ƙarin kwana sai waɗanda 400 ke raba su daidai. Ingila ba ta karɓa ba sai 1752. Kalandar da muke biyan albashi da shirya jarrabawa da ita yau, don a gyara ranar Pak aka yi ta.

Cocin Otodoks ba su bi gyaran ba wajen lissafin Faska, kuma tazarar kalandun biyu yanzu kwana 13 ce. Shi ya sa Kibɗawan Masar da Rashawa ke Nowel ranar 7 ga Janairu. A 2024 Katolika da Furotesta sun yi Pak ranar 31 ga Maris, Yahudawa sun shiga Idin Ƙetarewa da yammacin 22 ga Afrilu saboda shekararsu ta sami ƙarin wata, Otodoks kuma sai 5 ga Mayu. A 2025, shekara 1700 cif bayan Nikiya, gabas da yamma sun haɗu a ranar 20 ga Afrilu. An yi taro a Halab ta Siriya a 1997 don neman rana ɗaya ta dindindin, amma shawarar ba ta shiga aiki ba.

Masu son komawa baya

Gardamar ba ta mutu ba a cikin Kiristoci. A 1647 majalisar dokokin Ingila, ƙarƙashin masu tsattsauran ra'ayin gyaran addini, ta soke Nowel da Pak da Fentikos bisa hujjar cewa Baibul bai yi umurni da su ba, sai da sarauta ta dawo a 1660 aka maido su. A yankin Masacusets na Amurka dokar 1659 ta sa tarar sule biyar ga wanda aka kama yana bikin Nowel. A Habasha kuwa, bayan doguwar jayayya, sarki Zara Yakob ya amince a 1450 a riƙa girmama Asabar tare da Lahadi.

A ƙarni na 20 wani mai wa'azin rediyo a Amurka, Herbert Armstrong, ya kafa coci mai kiyaye idodin Littafin Firistoci, mai ƙin Nowel da Ista. Bayan rasuwarsa a 1986 magadansa suka sauya koyarwar, a 1995 ƙungiyar ta tsage, wasu suka fita don su ci gaba da idodin. Shaidun Jehobah ba sa Nowel, suna taron tunawa sau ɗaya a shekara a ranar 14 ga Nisan bisa nasu lissafin, kusan irin matsayin Folikaf. Hujjar waɗannan ita ce abin da aka rubuta ya fi abin da aka gada. Sauran coci na amsawa cewa tun taron Ƙudus aka sauke wa waɗanda ba Yahudawa ba wannan nauyi, kuma jama'ar masu bi na da ikon tsayar da ranakun tunawa. Duk mai cewa zai yi idodin daidai yadda aka rubuta, zai tarar babu Haikali babu firist, kuma ranakun da zai bi, malaman Yahudawa na bayan zamanin Baibul ne suka lissafa su.

Abin da za a gaya wa yaro

A ajinmu, daga Maraɗi zuwa Damagaram, akwai ƴaƴan Kiristoci zaune kusa da ƴaƴan Musulmi, kuma abin da babba ya faɗa da wasa shi yaro ke ɗauka zuwa filin wasa. Idan an ce masa bukukuwan Kiristoci duk na arna ne, an faɗa masa abin da tarihi bai tabbatar ba, tunda Pak da Fentikos daga Attaura suka samo lokacinsu da sunansu. Idan kuma an ce masa Yesu ne ya kafa Nowel, nan ma an kauce, domin sai bayan shekara ɗari uku aka fara ganin ta a rubuce.

Amsar gaskiya gajera ce, yaro na iya riƙe ta. Pak na yawo saboda tana bin wata, kamar Idin Ƙetarewa na Yahudawa da ta fito daga cikinsa, amma ba ta zagaya shekara kamar Ramadan saboda an ɗaure ta da 21 ga Maris. Nowel na tsaye saboda da kalandar rana ta Rumawa aka rubuta ta. Wanda ke son ya tabbatar wa ƴan ajinsa, ya sa su duba sama da dare a makon da ke gaban Pak. Za su ga wata ya cika ko yana dab da haka, kamar yadda yake a daren 14 ga kowane watan sama.